Na bar shagon komik, ga abin da na fito da shi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na miƙa makullin shago, na yi sallama da kowa ban da mutum ɗaya. 'Yan'uwanmu na Bronx, a nan birnin New York, da suka saba leƙo ni ranar Laraba, ranar da sababbin fitowa suke sauka, sai haƙuri, wani za ku tarar a bayan kanta. Tun da labari ya bazu ake ta aiko min da tambaya iri ɗaya: tunda yanzu ba ka da ubangidan da za ka kare, faɗa mana tsakani da Allah, wane komik, wato littafin labari na zane-zane, za mu saya mu ajiye? Zan amsa, amma sai kun jure, domin amsar a ɗaure take da abin da ya fitar da ni.

Kowa ya ji labarin Action Comics lamba 1, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938. Santi 10 aka sayar da ita a lokacin, a watan Afrilun 2024 kuwa aka yi gwanjon kwafi ɗaya a kan dala miliyan 6. Irin wannan labari ne yake shigo mana da mutane rungume da kwalaye, ido na ƙyalli. Abin da ba a gaya musu shi ne dalilin tsadar. A 1938 ba wanda yake ajiye komik. Kayan yara ne, a kan takardar jarida mafi arha aka buga shi. Yaro ya karanta, ya naɗe, ya cusa a aljihu, uwa ta share ta zubar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo aka bi gida-gida ana karɓar tsohuwar takarda don a sake sarrafa ta, a ƙarshen shekarun 1940 kuma har tara su aka riƙa yi a wasu garuruwan Amurka ana cinna musu wuta, wai suna lalata tarbiyya. Ɗan abin da ya tsira daga duk wannan shi ne yake tsada.

Kwalayen da ake kawo mana kuwa mafi yawansu na shekarun 1990 ne, lokacin da kowa ya riga ya ji cewa komik jari ne. X-Men lamba 1 ta 1991 kusan kwafi miliyan 8 aka buga, da bango iri biyar don mutum ɗaya ya sayi biyar. Fitowar mutuwar Superman a ƙarshen 1992 layi aka yi mata, aka saya a cikin baƙar leda, da yawa ba su ko farke ledar ba. Kowa ya saya, kowa ya adana, sai aka wayi gari duk masu sayarwa ne, ba mai nema. Shaguna suka yi ta rufewa, Marvel, kamfanin da ke buga X-Men, ita kanta ta kai takardar karyewa kotu a Disamban 1996. Har gobe kwantan wancan lokaci yana nan a kwandon arha na bakin ƙofa. Ba aikin da na tsana kamar in dubi dattijo in gaya masa kwalin da ya yi shekara talatin yana tattali don jikokinsa bai kai kuɗin tasin da ya kawo shi ba. Saboda haka duk abin da aka buga aka rubuta masa a bango cewa na masu tarawa ne, ni dai ba na sa kuɗin ajiya a kansa.

Wannan duka a wurin maigidana na koya, ba zan ci amanar ilimi ba. Mutumin ya san takarda. Yana buɗe littafi ya sunsuna zai ce maka a ɗaki mai laima aka ajiye shi. Shi ya koya min ƙirga shafi daga tsakiya, da duba 'yan ƙarafan ɗinki ko an taɓa cire su an mayar, da haska bango da fitilar nan mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Amma zuciyarsa tana birnin Denver. A can ne a 1977 wani matashin dillali, Chuck Rozanski, ya sari dubban tsofaffin komik da Edgar Church ya tara a gidansa, fes da su kamar jiya aka buga. Maigida ba ya gajiya da ba da wannan labari, kuma duk gyatumar da ta turo ƙofa da kwali, gani yake ranarsa ce ta zo. Taya na farko da yake yi, da a kasuwarmu ce, ko albarka ba za a ce masa ba, zagi zai sha.

Littafin da ya raba mu shi ne Incredible Hulk lamba 181, ta 1974, wadda Wolverine ya fara fitowa sosai a cikinta. Ya shigo mana a 2021, lokacin da zaman gida na korona ya sa farashi ya haukace. Duk wanda ya san wannan fitowa, abin da yake fara dubawa shi ne ɗan kan sarkin da Marvel ta buga a wani shafi na ciki, domin yaran wancan zamani sun yi ta yanke shi da almakashi suna tarawa. Na buɗe, yana nan daram. Shafuka cikakku. Da na haska bango kuwa sai ga wurare a gefen ɗinki suna ba da wani haske dabam. Wani, wataƙila tun kafin a haife ni, ya bi inda jan launi ya tsage ya cike da alƙalami. Ido tsirara ba zai gani ba.

Ga waɗanda ba sa harkar: kamfanin CGC da ke Sarasota a jihar Florida, tun daga 2000 yake karɓar komik ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi a akwatin roba mai garai-garai. Takardar da ke saman akwatin in shuɗiya ce, ba a taɓa littafin ba. In koriya ce, akwai wani aibi da aka ware, kamar yankakken kan sarkin nan. In shunayya ce, an yi masa gyara. Shunayyar nan takan zaftare rabin farashi, wani lokaci fiye.

A shagonmu kowane littafi mai tsada yana da takardar bincike da nake cikewa in sa hannu. A gaba ake rubuta adadin shafi da launin takarda, a baya ake rubuta aibi. Na rubuta aibin a baya, da manyan baƙaƙe, na kuma faɗa wa maigida baki da baki. Ya ce ya ji.

Ranar wata Juma'a ina masallaci ya sayar da shi tsirara, ba akwati, a farashin wanda ba a taɓa ba. Wanda ya saya tsohon abokin cinikinmu ne, direban bas, mutum mai sanyin hali da ya daɗe yana tara kuɗin wannan littafi. Ya aika Sarasota, bayan watanni ya dawo da shunayyar takarda. Ya zo ya ajiye akwatin a kan kanta, bai ɗaga murya ba. Maigida ya ƙwala min kira daga ciki, shago cike da mutane, ya zaro hoton takardar bincike, gaban kawai, ga sa hannuna raɗau a ƙasa. Ya ce wa mutumin, "Ka yi haƙuri, yaron nan ne yake duba min kaya, bai daɗe a ƙasar ba, idonsa bai faɗa ba tukuna." Ya mayar masa da wani abu daga cikin kuɗin, mutane suna yaba karamcinsa. Kuɗin kuma daga albashina ya riƙa yankewa kaɗan-kaɗan har sanyi ya shigo.

Dokar aiki ta jihar New York ba ta yarda a cire wa ma'aikaci albashi don asarar shago ba. Ya san haka. Ya kuma san takardun zamana a lokacin suna hannun lauya, ba zan so sunana ya shiga kowane irin ƙorafi ba. Abin da ya fi kuɗin ci min rai shi ne maganar ido. Idon da ya gano abin, shi aka tsaya gaban jama'a aka ce makaho ne.

Da dare na kira mahaifina, wanda ya tsufa a Kantin Kwari. Na zayyana masa komai, ina jiran ya taya ni faɗa. Sai ya ce, "Kai ka rubuta aibin?" Na ce, "Na rubuta, Baba." Ya ce, "To tsakaninka da maigidanka ka fita. Saura mutumin da ya saya. Shi har yanzu gani yake kai ka cuce shi, kuma gobe wurin wanda ya cuce shin zai koma." Ya tuna min da hadisin tulin hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, ya ce wanda ya ga algus ya yi shiru don tsoron bakin aljihu shi ma yana da kaso. Ban ji daɗin maganar ba a daren. Amma na nemi direban a tasharsu, na gaya masa ya je ya ce a nuna masa bayan takarda. Bai je ba. Bai kuma ƙara taka shagon ba. Daga baya duk littafin da zai saya a wani wuri, ni yake kira in raka shi da fitilata, ya kuma haɗa ni da abokansa. Ko maigida ya ji ko bai ji ba, oho. Na dai ga an rage min ranakun aiki. Na zauna saboda haya ba ta san fushi ba.

To ga amsar tambayarku. Kafin ku tambayi wane littafi, ku tambayi wa yake sayarwa, kuma wa zai ɗauki asara idan magana ta canja. Littafi mai tsada da ake sayarwa tsirara a wannan zamani, ku tambayi dalili: dillalin da ya tabbata kayansa lafiya lau ne, shi zai fara aikawa a ba shi maki, don riba ce gare shi. Idan an ce an bincika, ku ce a ba ku takardar ku juya ta. Ku sa a rubuta a rasit cewa in ya dawo da shunayya za a karɓi kaya a mayar da kuɗi gaba ɗaya. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya gaya muku abin da kuke son sani.

Akwatin ma kada ku sakankance da shi. A Kwari ba mai sayen shadda sai an warware masa ita ya gani, akwatin CGC kuwa turmi ne da aka ce ka saya a naɗe, ka yarda da tambarin da ke kai. A ƙarshen 2023 kamfanin da kansa ya amsa cewa an samu masu buɗe akwatuna suna musanya littafin ciki da wanda bai kai shi ba. Ku duba lambar akwati a shafinsu, ku gwada da tsofaffin hotunan gwanjo. Maƙudan kuɗin da ake ƙarawa tsakanin 9.6 da 9.8 kuwa, a kan wata 'yar lanƙwasa da sai an karkata littafi a haske ake ganinta, ni ban taɓa ganin hikimarsa ba. Da abin da za ka ƙara a can gara ka sayi 6.0 mai gaskiya na fitowar da ta fi muhimmanci.

Ni kaina abin da nake tarawa ba shi da farashi a littafin Overstreet, kundin da dillalai suke duba farashin komik a ciki. Powerman nake nema, wanda aka riƙa bugawa don kasuwar Najeriya daga 1975, Dave Gibbons da Brian Bolland suna zanawa tun kafin duniya ta san su, da kuma tsofaffin Ikebe Super na Wale Adenuga. Abin da ya sami komik ɗin Amurka a shekarun 1940 shi ya same su a wurinmu: masu ƙosai da masu gyaɗa sun naɗe, gara ta ci saura. Samun kwafi mai cikakken bango ya fi samun Hulk 181 wuya nesa ba kusa ba, sai dai ba mai gwanjonsa a miliyoyi, kuma hakan ya yi min daidai. Ina buɗe su in karanta, abin da mai akwati ba zai iya ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka saya a makon da aka sanar da fim ɗin jarumin littafin, jira ƙura ta lafa. Waɗanda suka saya a 2021 sun ga yadda farashi ya sauko bayan shekara ɗaya ko biyu. Yi wa littafi guga don ya miƙe ba gyara ba ne a wurin masu ba da maki, datse gefe kuwa babu yafiya. Ajiya kuwa a leda da kwali marasa asid, a tsaye, nesa da rana da laima. Kada ka ci bashi don takarda. Idan tsohuwa ta kawo maka kwali, ka gaya mata abin da ke ciki kafin ka taya.

Ga wanda zai gaje ni a bayan kanta, ko wane ne shi: duk takardar da ka sa wa hannu ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka aika wa kanka. Fitilar da ke aljihun tebur tawa ce, na tafi da abata, sai ka sayi taka. Kuɗin da aka yanke min kuwa na yi masa maganarsu ranar da zan tafi, ya ce bai tuna ba. Ni na tuna, kuma ban yafe ba.