Sana'ar kai baƙi kasul a bakin tekun Ghana

Mutane suna yawan tambayata wai wane irin aiki nake yi da kullum hotona a bakin teku, to ba hutu nake zuwa ba, abincina ne a wurin. Ina da ƴar bas guda biyu da yara uku, muna ɗaukan baƙi daga Ankara, babban birnin Ghana, mu kai su Cape Coast da Elmina su ga tsofaffin kasul ɗin Turawa, wato manyan gine-ginen tsaro da aka riƙa tsare bayi a ciki, in lokaci ya rage mu ɓulla dajin Kakum su hau gadar igiyan nan ta saman itatuwa. Ni haifaffen zangon Kotokuraba ne a Cape Coast, tun ina yaro nake ganin farin kasul ɗin garin amma wallahi sai da na girma na fara shiga cikinsa.

Aikin da asuba yake farawa. In ba ka wuce Kasoa kafin gari ya waye ba to ka shiga uku da cunkoso, tafiyar awa uku sai ta koma biyar, baƙo ya fara kumbure-kumbure tun ba a je ko'ina ba. A nan ma nake fara ba su labari, nakan ce sunan garin nan kalmarmu ce, kasuwa, bakin mutane ne ya lanƙwasa ta. Daga nan mu bi ta Mankessim, Anomabo, sai Cape Coast.

Mota kowa zai iya saya, abin da ake biya a gaskiya baki ne. Dole shekaru su zauna maka a ka: Elmina ƴan Fotugal suka gina a 1482, ƴan Holan suka ƙwace a 1637 bayan sun hau tudun St. Jago sun saita musu igwa daga sama, sai Ingilishi suka karɓa a 1872. Na Cape Coast kuma ƴan Suwidin suka fara shi a 1653, nan ne ma hedikwatar mulkin Ingilishi kafin a maida ta Ankara a 1877. A ciki ma'aikatan hukumar kula da kayan tarihi ne ke zagayawa da mutane, ni nawa in yanki tikiti in bi bayansu, amma tambayoyin da baƙo ya ji nauyin yi a ciki duk a mota yake sauke min su.

Baƙin kuma kala-kala ne. Baƙaƙen fatan Amurka, musamman tun 2019 da gwamnati ta yi shekarar dawowa gida, su in suka shiga kurkukun maza na Cape Coast suka ji zafin da duhun, aka ce musu ai coci ne a samansa ana addu'a mutane na mutuwa a ƙasa, sai kuka. Farkon fara aikina na yi wauta, wata dattijuwa ta fito daga ƙofar da ake fidda bayi zuwa jirgi tana share hawaye ni kuma na tare ta da maganar abincin rana. Kallon da ta min har yau ban manta ba. Yanzu ruwa kawai nake miƙawa in kashe rediyo, mu yi tafiyar mu shiru har Elmina.

Namu kuwa, ƴan Kumasi da masu zuwa daga Kano ko Yamai, yawanci teku da hoto suka zo, suna ganin tarihin wasu ne can. Sai na ce Alhaji ka san Salaga? Ya ce ƙwarai, kakanninmu ai Gwanja suke fataucin goro. In ce to kasuwar ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, har da mutane, kuma cikin waɗanda aka koro daga arewa akwai waɗanda aka yi wa wankan ƙarshe a rafin Assin Manso kafin a iso da su nan. Sannan sojan Hausa da Ingilishi suka kwaso daga Legas lokacin yaƙi da Tonawa, wato Asante, a 1873 zuwa 1874, ta gaɓar nan suka sauka. Sai ka ga Alhaji ya maida waya aljihu. A Elmina nakan nuna musu ɗakin da aka tsare sarkin Asante Prempeh bayan kama shi a 1896, wannan ƴan Kumasi sun fi daɗewa a ciki.

Ciniki yana da lokacinsa, Yuli zuwa farkon Satumba akwai bikin Bakatue na Elmina da Fetu Afahye na Cape Coast, sai Disamba. Watan Mayu da Yuni ruwan sama ne kawai da kuɗin gyara, ga iskar gishiri tana cin ƙarfen mota kamar gara, duk shekara sai na kai fenti. Kuma in baƙo yana son ganin jiragen masunta suna shigowa da kifi a bakin tafkin Benya na Elmina bana sa masa Talata, ranar Fantawa ba sa fita teku. Jibi ina da mutum tara, biyu sun ce ba sa cin yaji, har yanzu ina tunanin inda zan kai su cin dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da kifi.