Tankar Yaƙin Farko da Ta Shigo Shagona

Sana'ata haɗa ƙananan gine-gine ce. Masu zanen gidaje su kawo taswira, ni da yarana biyu mu fitar musu da rukunin gidaje ko masallaci a kan faifan katako, da kwali da roba da gam. Shekara tara ke nan ina yi. Tankar yaƙi kuwa ban taɓa haɗawa ba, sai ranar da wani dattijo, tsohon soja, ya shigo da ƙaton kwali cike da sassan ƙaramar tanka ta roba, wanda ɗansa ya aiko masa daga Ingila.

Ya ce, "Malam, idona ya daina ganin ƙananan abubuwa. Ka haɗa mini ita, amma kada ka mayar mini da ita abin wasan yara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni mako biyu." Na yanka masa kuɗin da nake karɓa a kan matsakaicin gini. Mako bakwai ta ci, kuma ban koma masa da maganar ƙari ba, tunda bakina ne ya yanke.

Tiger I ce, tankar Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda kamfanin Henschel ya ƙera a Kassel daga 1942 zuwa 1944, guda 1,347 kacal. Nauyinta ya haura tan 50, bakin bindigarta milimita 88. Ma'aunin da aka fi sabawa da shi a wannan harka shi ne 1/35, wato kashi ɗaya cikin 35 na tsawon ainihin tankar, wanda kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ya yaɗa. Wannan kuwa 1/16 ce, tsawonta har bakin bindiga ya ɗan wuce rabin mita. Da na ga girmanta na ɗauka sauƙi ya samu. Ashe girman ne wahalar: ɗan layin da injin zuba roba ya bari, wanda a ƙaramar tanka fenti zai rufe, a nan daga bakin ƙofa ake hango shi.

Ƙafafun su suka fara koya mana haƙuri. Tayoyi 24 ne kowane gefe, a sarƙe cikin juna, ta yadda in ka manne na waje ba ka da hanyar isa ga na ciki. Matsalar da ta addabi Jamusawan kansu ke nan, domin a sanyin Rasha laka kan daskare tsakanin tayoyin. Dole kowace taya a goge ta da sanfefa, a yi mata fenti, a zagaye bakinta da launin roba, sannan a ɗora. Sai sarƙar da take tafiya a kai, gaɓa 96 a kowane ɓangare, kowace da fil ɗinta. Ƙaramin yarona ya yi kwana huɗu da matsefata a hannu, yana jera su a murfin kwano goma-goma don kada lissafi ya ƙwace masa.

Dattijon ya ce mai lamba 131 yake so, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya cikin watan Afrilun 1943. Tana nan a gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, kuma ita kaɗai ce Tiger I da har yau ake tayar da injinta ta yi tafiya. Wannan zaɓi ya taimake ni ƙwarai, don hotunanta sun cika intanet. Na zauna na ƙare musu kallo: launin yashi mai duhu, da matatun iska a baya saboda ƙura, da gurbin da harsashi ya bari a ƙarƙashin bindiga.

A wurin fenti ne na yi asara. Lokacin hunturu ne, iska a bushe. Na ɗaga bindigar feshi nesa kamar yadda nake wa bangon ƙananan gidaje, sai fentin ya riƙa bushewa kafin ya sauka. Da safe na shafa jikinta na ji kaushi kamar sanfefa, ga ƙurar hazo ta lafe a kai. Raina ya ɓaci sosai. Kwana uku muka yi muna gogewa a hankali don kada mu cinye layukan walda. A karo na biyu na ƙara tina, na rage ƙarfin kwamfuresa, na matso kusa, na yi feshin da asuba bayan mun yayyafa ruwa a ƙasan shago. Shafa huɗu marasa kauri, kowace sai ta bushe a ƙarƙashin kwali.

Abin da na fi so a aikin shi ne tsufar da ita. Mutane da yawa sukan zuba tsatsa ko'ina har tanka ta koma kamar wadda ta shekara a bola, kuma ni ban yarda da wannan ba. Ita 131 a farkon 1943 aka ƙera ta, watanni kaɗan ta yi a fagen fama. Ƙura ce rabonta. Na kankare allin zane mai ruwan ƙasa na cusa shi da busasshen burushi a lungunan tayoyi da bayan injin. Na ɗan dangwala soso a baƙin fenti na taɓa gefen ƙofofin da sojoji ke shiga, inda takalmi ke gogar ƙarfe. Haƙoran sarƙa kuma na bi su da fensir, suka ɗauki ƙyallin ƙarfen da ya sha tafiya.

Ranar da ya zo ɗauka ya sa tabarau, ya sunkuya ya daɗe bai ce komai ba. Can ya nuna saman ƙofar direba ya ce, "Nan hannu ke kamawa kullum, ya kamata ya fi haka gogewa." Na ɗauko fensir na ƙara a gabansa. Ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye ni nawa zan yi masa akwatin gilashi, don hazon bana bai ƙare ba.