Ruwa a fiffiken gilaida: awo kafin zubi

Wanda ya fara koyon aikin gilaida, wato jirgin da ba shi da inji, yakan yi mamaki idan ya ga ana ɗura ruwa a fukafukansa. Dalilin shi ne nauyi yana ƙara gudu ba tare da rage nisan da jirgi zai yi ba. Jirgi mai kilo 400 idan ya koma 500, gudun da ya fi dacewa da shi yakan ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari. Farashin kuwa, hawa cikin iskar zafi mai tashi sama yakan yi wuya. Shi ya sa ruwa na ranar da iska mai tashi sama ke da ƙarfi ne, irin wadda hamadar Najad ta Saudiyya ke bayarwa da azahar.

Darasin da ya fi muhimmanci shi ne a yi lissafi kafin a taɓa jarka. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Idan iyakar nauyin jirgin kilo 525 ce, shi kansa 250, matuƙi da laimar saukarsa (farashut) 90, saura 185, ko da tankin zai ci fiye da haka. A daidaita fukafukan, a zuba kowane ɓangare daidai da ɗan'uwansa, da jarka mai awo ko mita. Ruwan fiffike yakan rinjayar da nauyi gaba, don haka ake sa 'yan litoci a tankin wutsiya bisa jadawalin littafin jirgin.

'Yan'uwa mazauna Jidda da Riyad, mun saba da wayit, wato motar tankar ruwa, mai tura ruwa da ƙarfi. Don Allah kada a haɗa tiyonsa kai tsaye da fiffike. Matsin kan fasa tanki ko ya ɓamɓare fatar fiffiken daga ciki, ɓarnar da ido ba ya gani nan take. A bi ta mazurari, kada tsayinsa ya wuce mita ɗaya sama da fiffiken. A leƙa ramin shaƙar iska na tankin, domin rairayi da zanzaro suna toshe shi. Ruwan rijiya mai gishiri kuma yana iya sa bawul ɗin zubar da ruwa ya maƙale, sai a shafa wa bakin bawul ɗin man basilin.

Zafin ƙasar nan yana ruɗi. Busasshiyar iska tana sanyi da kusan digiri 10 a kowace mita 1,000, don haka digiri 30 a ƙasa ya zama sifili a mita 3,000. Da hunturu a Tabuka ko Ha'il abin ya fi kusa. Ruwan wutsiya ne ke fara zama ƙanƙara, kuma idan na fiffike ya zube shi ya ƙi, nauyi ya koma baya, jirgin ya yi wuyar riƙewa.

Zubarwa tana cin mintuna, galibi uku zuwa biyar, sai a buɗe tun kafin a shirya sauka. Idan ɓangare ɗaya ya ƙi fita, a ƙara gudu kaɗan, a tallafi fiffiken mai nauyi da sandar tuƙi har jirgin ya tsaya.