Motar da babu irinta a gari

Ƙannena da ke turo mini hotunan kat-kat, wato motoci masu ja da ƙafa huɗu, a WhatsApp kuna tambaya ko ku saya, ga amsata gaba ɗaya. A 2019, bayan Babbar Sallah, na sayi motar da ta cinye mini jarin shekara biyu, kuma ba na so ko ɗayanku ya bi sawuna.

Sana'ata fataucin bisashe da hatsi ce tsakanin Damagaram, Tanut da Gure, don haka buƙatar motar da ke shiga rairayi gaskiya ce. Inda na ɓata shi ne wajen zaɓe. Wani dillali a Kwatano ya turo mini hoton wata mai shan gazuwal, ƙirar 2011, fitowar Turai, koriya shar, kujerun fata. Ya kira ni ya ce, “Alhaji, daga Yamai har Diffa ba za ka ga ta biyu ba.” Wannan maganar ce ya kamata ta tsorata ni, amma ita ta sa na tura kafin alƙalami a ranar, ba tare da wani nawa ya ɗora ido a kanta ba. Son a san ni ne ya ja ni. Kuɗin direba, na hanya da na duwan (kwastan) a Gaya kuwa sai da mota ta taso na fara lissafinsu, alhali da su ake farawa. Daga baya ma abin ya ƙara tsada, tunda iyakar Gaya da Malanville ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina.

Wata biyar na ji daɗinta. Ran nan a hanyar Tanut, na wuce Bakin Birji kaɗan, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana, ƙarfin inji ya zube, ko na taka har ƙasa ba ta wuce gudun kilomita 40 a awa. Wata tsohuwar Hilux ce ta jawo ni gari da igiya.

Na kai ta wurin wani dattijon makanike a Sabon Gari, wanda ya yi wa mahaifina gyara shekaru da yawa. Ya buɗe gaba, ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba. Can ya goge hannunsa ya ce, “Ɗana, da ka zo kafin ka biya. Mu da kunne muke gyara, wannan kuwa sai kwamfuta.” Daga nan ya kwance ƙasan filtar mai, ya tsiyaye abin da ke ciki a ɗan kofin shayi, ya ɗaga shi a rana. Gazuwal na sama, ruwa ya kwanta a ƙasa kamar kaurin yatsa, da ƙurar yashi a gindin kofin. Na san daga inda ya fito. Ni ne nake sayen man bidon a ƙauyuka don ragin da bai taka kara ya karya ba, ga matatar mai ta SORAZ a kan wannan hanyar ta Tanut tana aiki tun 2011, ga gidajen mai a cikin gari.

A wurinsa na fahimci abin da ban tambaya ba tun farko. Tsofaffin injina irin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, famfonsu na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta, suna haƙuri da man da bai cika tsabta ba, kuma duk garejin da ka shiga daga nan har Agadas akwai wanda ya san cikinsu. Sababbin na Turai kuwa famfo yana matsa mai da ƙarfin da ya haura bar 1,500 a ma'aunin matsi, ya tura shi cikin injekta, masu fesa mai a inji, masu ramuka sirara kamar gashi. Ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ta isa ta cinye su. Bayan haka akwai wata matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, wadda dokar Turai ta sa kusan kowace motar gazuwal ta ɗauka daga wajen 2009. An yi ta ne don mansu mai ƙarancin sulfa da doguwar tafiya a kan kwalta. Ni kuwa daga gida zuwa kasuwar Dole nake yini ina kai da kawowa, sai ta toshe. Motar ba ta da laifi, an ƙera ta ne don wata ƙasa da wani mai.

Neman kayan gyara shi ne ya karya ni. A Damagaram babu. Na tafi Kano na kwana uku ina zagaya Ƙofar Ruwa da tsohuwar injekta a leda, kowa ya juya ta sai ya ce, “Alhaji, wannan sai oda.” Na yi odar ta hannun wani ɗan garinmu da ke Beljiyam, bayan mako bakwai kaya suka iso, ba su shiga ba. Sunan mota da shekararta na ba shi, ashe da lambar shasi ake oda, wannan mai harufa da lambobi 17, domin ƙira ɗaya tana iya fitowa da inji iri biyu ko uku. Wata huɗu motar tana ƙarƙashin bedi a ƙofar gida, ina biyan haya don kai kaya kasuwa. Shanu biyu na sayar a kanta. Uwargida ba ta taɓa ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini ciwo.

A zaman nan ne sauran asiri ya tonu. Da aka ɗaga ta, dattijon ya soka sukundireba a shasi ta baya, ta shige kamar a cikin kuka. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ya ci ƙarfen, an shafe shi da baƙin fenti. Agogonta na nuna kilomita 140,000, amma a jikin ƙofar direba akwai ƴar takardar juyen mai da aka manta ba a ɓamɓare ba, an rubuta 260,000. Robar birki ma ta suɗe har ƙarfe. Duk wannan, mai ido zai gani cikin minti goma.

Saboda haka in mota ta shiga ranka, rubuta sunanta ka tafi wurin masu sayar da kayan gyara tun kuɗinka na aljihu. Ka nemi filtar mai, takalmin birki, bel, famfon ruwa da injekta. In ba su ɗora maka su a tebur a ranar ba, ka haƙura da ita. In sun ɗora, ɗauki makanikenka ka biya masa kuɗin mota har inda take, ya shiga ƙarƙashinta da tocila. A tayar da ita da sassafe inji na sanyi ku kalli hayaƙi, shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai ne. A sa giyar ƙafa huɗu a cikin rairayi na gaske, a gwada lambar shasi da ta takarda harafi bayan harafi. Ka tuna kuma da zafin watan Afrilu, lagireton da ya ishe ta a Turai ba lalle ya ishe ta a nan ba.

Da na gaji na sa ta kasuwa, wata shida babu mai tayawa, saboda kowa ya san labarinta. Daga ƙarshe wani ya ba ni kashi ɗaya cikin uku na abin da na kashe, ya ce zai cire injin ya dasa na Toyota. Da kuɗin na sayi tsohuwar Hilux fara, irin wadda ke cike da tasha. Makon jiya famfon ruwanta ya lalace a Gure da hantsi, yaron gareji ya hau babur ya kawo wani daga kasuwa, kafin la'asar ina kan hanyar gida.