Kaveh Akbar da ƙanena

Daren jiya na saurari Kaveh Akbar yana karanta waƙoƙinsa a YouTube, har barci ya gagare ni. A Tehran aka haife shi a 1989, yana ɗan shekara biyu iyayensa suka koma Amurka. Giya ta kusa halaka shi, bai kuma ɓoye ba, littafinsa na 2017, Calling a Wolf a Wolf, kusan duk kan wannan fama ne. Inda ya fi taɓa ni shi ne yarintarsa: yana kallon mahaifinsa yana salla, yana kwaikwayo, Larabcin ma bai san ma'anarsa ba. Yau yana koyarwa a Jami'ar Iowa. Ƙanena da ƙwaya ta kama nake ta tunani, wallahi ban cire rai da shi ba.