Guruf ɗin da muka buɗe don rage kuɗin mai shi ya tashe mu daren ambaliya

Ni dai gaskiya ba na cikin masu shirin ko-ta-kwana, irin mutanen nan ne ni da sai fitilar mai ta kawo ja a mota sannan na fara raba ido ina neman gidan mai. Shekarar 2022 ce ta gyara min zama. A watan Fabrairu Rasha ta afka wa Yukren, kafin ka ce me gangar ɗanyen mai ta haura dala 100 a kasuwar duniya, a Maris har ta wuce 120, ni da ko a taswira sai na lalubo kafin na nuna maka Yukren sai ga yaƙinsu ya biyo ni har cikin aljihu. Shi kuma mai ba ya tashi shi kaɗai, duk abin da aka ɗauko a mota sai ya bi bayansa.

Wautar farko da na yi, na sayo jarkoki uku na cika da fetur na jera a sito kusa da kicin wai ni mai dabara. Uwargida ta leƙa ta gani ta ce "Baban yara, ko dai jarkokin nan su bar gidan nan ko mu mu bar musu." Na yi ta musu, amma ita ce da gaskiya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi yana rarrafe, tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ga shi kuma in ya yi watanni a ajiye lalacewa yake yi. Na juye su a tanki, ban sake ba.

Abin da ya yi min aiki wani ɗan littafi ne da na ajiye a mota, wata guda cur ina rubuta duk inda na je da litar da na sha. Wallahi kunya ta kama ni. Yawanci fita ce ta banza, a manta abu ɗaya a koma, a je inda ƙafa ma za ta kai mutum cikin minti goma, alhali inji ya fi zuƙar mai lokacin da bai gama ɗumi ba. Sai na koma haɗa aike uku huɗu a fita ɗaya, na kwashe tarkacen da ke but, ina duba iskar taya duk sati biyu, na daina barin mota a kunne ina jiran mutum, a babban titi kuma na rage taka totur don da ka wuce kilomita 80 a awa shan mai sai ƙaruwa. Duk sun taimaka, amma kaɗan-kaɗan ne.

Babban sauƙin daga maƙwabta ya zo. Mu huɗu a layinmu kusan hanya ɗaya muke bi zuwa aiki, kowa a motarsa shi kaɗai kamar wani sarki, mu haɗu a go-sulo muna ɗaga wa juna hannu. Girman kai ne kawai ya hana wani ya fara magana, kar a ce ka gaza. Ran nan dai na cije na tari babbanmu na ce "Yaya, me zai hana mu riƙa fita tare?" Ashe kowa jira yake. Muka raba, kowa sati guda, ka ga motata sati ɗaya take zuwa aiki cikin huɗu. Ba wai babu ɓacin rai ba fa, akwai ɗayanmu da kullum sai an yi ta masa hon, har sai da muka sa dokar minti biyar, in ba ka fito ba ka biyo mu a haya. Muka buɗe guruf a WhatsApp don waye zai fita, ƙarfe nawa, a hankali sauran mutanen layi suka yi ta shigowa neman lif har muka kai kusan mutum talatin.

To wannan guruf ɗin ne ya tashe mu. Wani dare aka kwana ana tsuga ruwa, wajen ƙarfe biyu wayata ta yi ta ƙara, na gidan ƙarshe da ke gangare ne yake ta turo saƙo cewa ruwa ya shigo musu, kowa ya tashi. Na sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne na ruga na kashe babban makunnin wutar gidan tun ruwan bai kai soket ba. Sauran duk kame-kame ne, tocila babu batir, waya saura kashi 11, takardun makaranta da na haihuwar yara suna durowar ƙasa sun riga sun sha ruwa. Na zari makulli zan kwashe iyali a mota, wani dattijo maƙwabcinmu ya riƙe min hannu ya ce "Ɗana, ajiye makullin nan, ku hau sama." Daga baya na karanta cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 15 kacal yana iya kayar da babban mutum. Muka taru a gidan bene ɗaya da ke layin.

Abin da har yau yake damuna, akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai, ba ta da babbar waya balle guruf, kuma duk cikinmu manya babu wanda ya tuna da ita sai wani yaro da ya ce "ina Inna?" A kan kujera muka ɗauko ta. Masu ceto sai wajen azahar suka iso, ban kuma ga laifinsu ba, wuraren da suka fi namu muni suna da yawa. Ko a Japan da ake yabo wajen shiri, girgizar ƙasar Kobe ta 1995 yawancin waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai 'yan uwa da maƙwabta ne suka zaƙulo su.

Bayan ruwa ya janye ne ma aka shiga wata wahalar. Ruwan sha ya gauraya da na kwata, ƙaramar 'yata ta kama gudawa, ruwan gishiri da sukari ne ya riƙe ta kafin mu samu hanyar asibiti, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tun daga nan duk ruwan da za a sha sai ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya. Wani gida kuma saboda tsakar gida ta jiƙe suka shigar da janareto cikin baranda suka rufe ƙofa, da asuba duk suka tashi da ciwon kai da amai, Allah ne ya yi da sauran kwana. Hayaƙin nan na kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, a waje ake ajiye janareto, nesa da taga da ƙofa kamar mita shida.

Yanzu akwai jaka a bayan ƙofarmu, takardu a cikin leda biyu, tocila, pawa banki, magungunan da muke sha, 'yan kuɗi a hannu don ranar babu sabis babu tiransifa, da lambobin waya a rubuce a takarda. Ruwa kuma lita huɗu ga kowane mutum a rana har kwana uku, mu biyar lita 60 ke nan. Tankin mota ba na bari ya sauka ƙasa da rabi. A guruf mun rubuta sunan duk tsoho da mara lafiya da mai ciki a layin, kowanne da gidan da zai fara buga masa ƙofa, Inna a hannuna take. Yashe kwata kafin damina ne dai har yanzu mutum shida bakwai ke fitowa, sauran sai dai su turo hoton babban yatsa.

Jakar ma sai ana dubawa. Satin da ya wuce na buɗe ta na tarar yara sun zare batiran tocilar sun sa a rimot.