Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Albam ɗin cikin akwatin ƙarfe

Assalamu alaikum. Wancan satin na tsaya a rasuwar Inna, to wallahi na kasa ci gaba daga nan, sai na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado in nemo hotonta, ina ɗaga murfi albam ɗin tafiye-tafiyena na fara cin karo da shi, shi kenan ban tashi ba har aka kira la'asar.

Kyamarar Yashica ce ta hannu, a Kano na saye ta, fim ɗaya hoto 36, in ka danna to kuɗi ya tafi, kuma ba ka sanin abin da ka ɗauka sai an wanko maka. Shekarar da Abacha ya rasu, 1998, na bi motar kaya ta Daura muka fita ta Kongolam, Matamaye, Damagaram, Tanut, har Agadas. Daga Tanut ɗin nan itace yake ta raguwa har ka daina ganin inuwa, iska kuma tana watsa maka rairayi a haƙori. Amma da na hango hasumiyar babban masallacin Agadas na manta da gajiya. Jar ƙasa ce zalla, mita 27, ƙasanta da faɗi sama ta tsuke, itatuwa sun leƙo ta ko'ina a jikinta, su magina ke takawa in za a yi yaɓe. Hoto bakwai na yi mata, da safe launinta daban, da yamma sai ta koma kamar garwashi. Wani Buzu da rawani har hanci ya tsaya na ɗauke shi, ya ba ni shayi kofi uku, na farkon ɗaci kamar maɗaci.

Da na dawo Katsina na kai ma Baba hotunan a zaure, yana cin goro. Ya riƙe guda can nesa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mani, "Ka je ka ɗauko hasumiyar mutane, taku tana nan ba ka taɓa hawa ba." Na ce Baba ai Gobarau ba inda za ta. Ya yi shiru.

Maganar nan ta bi ni har Kumasi. Lokacin ba a cire sifili huɗu daga sidi, kuɗin Gana, ba, sai 2007 aka yi wannan, kuɗin abinci ma dami ne. Kasuwar Kejetia ta cinye mani rabin fim, rufin kwano iya ganinka, ga mata da kaya niƙi-niƙi a kai. A zango kuwa ka ji tsoho na Hausa ya ce kakansa Bakatsine ne fataucin goro ya kawo shi, ga koko da ƙosai da safe, ga shinkafa da wake da suke jajjawa da karan dafi suna ce mata wace, waken namu ne dai bakinsu ya juya. Na so in nuna maku hoton tsohon nan amma babu shi, kuma Yaya ya san dalili. Bikin ɗiyarshi aka zo aka ce in ba da albam baƙi su kalla, na ce Yaya don Allah a kula mani da shi, ya ce haba kai kuwa takarda ce fa. Ya dawo da gurbi goma sha ɗaya babu komai, har da wanda na ɗauka a gindin Dutsen Uhudu. Har yau bai ce mani yi haƙuri ba. Takarda ce fa. Na yafe don zumunci amma dai in faɗa.

Taku tana nan. Daga gidanmu zuwa Gobarau tafiyar ƙafa ce, kullum ta gefenta nake wucewa, ban hau ba sai bayan an yi arba'in ɗin Baba. Matakalar a matse take, ga duhu, kana fitowa sama sai ga gari a shimfiɗe, na tsaya ina neman rufin zaurenmu, kyamara a wuya ban danna ko ɗaya ba. A nan na tuna duk fim ɗin da na ƙona a ƙasashen mutane ban taɓa ce mashi Baba zauna in ɗauke ka ba. Hotonshi ɗaya ne a gidan, ɗan ƙaramin na fasfo ɗin Makka, shi ma yana hannun Yaya.

Jiya da na zaro hoton Agadas ɗin da Baba ya riƙe, a gefen dama daga ƙasa akwai shatin babban yatsanshi, jan goro, ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Autana ya kawo tsumma wai zai goge mani datti, na riƙe mashi hannu.

Allah ya jiƙan Baba da Inna. Sati mai zuwa in sha Allahu zan koma kan maganar rabon gidan Ƙofar Sauri.